Na Gaban Wannan

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, Yaya da ni. Shi ne ɗan farinta, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Idan tana nemansa sai ta ce, "A kira mutumin nan." Idan ya shigo gaishe ta, takan amsa tana kallon wani wuri. A ƙauyenmu, can gefen Basirka, babu mai mamakin wannan. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi ma Goggo, yayar Baba, ta ɗauke shi. A ɗakinta ya girma, danga ɗaya tsakaninmu.

Abu biyu zan faɗa a kan Yaya, kuma Allah ya yafe mini idan na ƙara ko na rage.

Na farko halinsa. Mutum ne mai aiki, da amalankensa na shanu yake ci da kansa, bai taɓa ɗaukar abin wani ba. Amma zargi ya yi masa yawa. Idan ya wuce mutum biyu suna dariya, da shi suke. Idan ka yi masa alheri, sai ya kwana yana neman abin da ka ɓoye a ciki. Matan da ya aura duk sun tafi, ba don duka ba, sun gaji ne da rantsuwa a kan abin da ba su yi ba.

Na biyu ciwonsa. Yaya yana da farfaɗiya. Har yanzu da nake rubuta kalmar hannuna bai saba ba, domin a gidanmu "abin nan" ake cewa. Ba kullum take zuwa ba, wani lokaci shekara kan juyo bai faɗi ba, kuma yawanci a ɗaki take samunsa kafin gari ya gama wayewa. Shi ya sa muka iya rufewa. Mutanenmu sun ɗauka yawun mai farfaɗiya yana sa wa wani ciwon, kuma gidan da aka san da ita ba a son haɗa kwano da su. Ba mu taɓa kai shi asibiti ba, don kada a gan mu. Wani ɗan'uwanmu direba ne yake sayo masa ƙwayoyi a Kano. Daga baya Yaya ya daina sha, ya ce an haɗa baki ne ana so a kashe masa ƙarfi.

Ranar da abin ya faru ba na wurin, don haka abin da aka faɗa mini nake faɗa. Bayan kaka ne, ya kai buhunan shinkafa injin casa a Basirka. Yana cikin saukewa ya yi ƙara ya faɗi. Mutane suka watse. Mutum ɗaya ne bai gudu ba, maƙwabcinsa na gona, shi ya danne masa kafaɗu ya tura masa kara tsakanin haƙora. Da jijjigar ta tsaya, Yaya ya miƙe ya nufi hanya. Maƙwabcin ya riƙe masa riga ta baya yana cewa ya zauna ya huta. Yaya ya fizge, maƙwabcin bai saki ba. Sai ya ɗauki ƙarfen da ake murɗa injin da shi, ya juyo ya sauke masa a gefen kai.

Mutumin bai mutu ba, Allah ya kiyaye. Amma kunnensa ɗaya ya tafi, bakinsa ya karkace. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, a daminar da ta wuce sun yi rigima a kan gambar iyakar gona, har Yaya ya ce masa a ƙofar masallaci, "Wata rana sai na fasa maka kai." Ni ma ina tsaye na ji. Don haka da 'yan sanda suka zo, mutane suka ce faɗuwar ma ta ƙarya ce, ai ba a taɓa jin yana da wani ciwo ba. Aka tafi da shi Gwaram, daga nan aka kai ƙarar Birnin Kudu, aka tsare shi. An ce mana idan laifin ya tabbata, shekaru masu yawa ne, kuma Yaya ba yaro ba ne.

Lauyar da aka ba shi mace ce, 'yar Kano, cikin waɗanda ke tsaya wa marasa ƙarfi. A gindin wata darbejiya a harabar kotu muka fara magana. Na tsuguna, ta ce, "Malam, tashi ka zauna a benci, ba ni ce alƙalin ba."

Ta ce ta gana da Yaya. Ya ce mata yana tuna sauke buhu, sai kuma ya ga kansa a bayan mota hannu ɗaure, harshensa na jini. Ta tambaye shi ko yana da ciwo, ya ce lafiyarsa ƙalau, wa ya aiko ta.

"Kai ƙaninsa ne. Yana faɗuwa?"

Na duba dama da hagu. Na ce, "Ranki ya daɗe, wani lokaci abin nan yakan taɓa shi."

"Wane abin nan? Aljani, ko bashi?"

Dole na faɗi sunan. Ban ga ta ja da baya ba, sai ma ta gyara zama. Ta tambayi yadda yake yi idan ya farfaɗo. Na ce yakan tashi ido buɗe amma ba ya gane kowa, ya yi ta tsinkar bakin rigarsa, ya zagaya tsakar gida kamar mai neman ƙofa. Goggo takan ce kada wanda ya tare shi, a dai kawar da wuta da tukunya. Bayan ɗan lokaci sai ya kwanta ya yi barci mai nauyi.

Daga nan na ba ta labarin zarginsa, don na ɗauka shi ma zai taimaka. Ta girgiza kai.

"Ka raba su biyu, Malam. Akwai hali, akwai ciwo. Mutumin da zargi ya zame masa jiki tun ƙuruciya, likitoci suna da suna a kansa, suna cewa shi ma wata larura ce ta hali. Amma kotu ba ta sakin mutum don wannan, domin mai zargi ya san abin da hannunsa yake yi. Wataƙila ma da shi za su yaƙe mu. Farfaɗiya daban. Idan aka riƙe mutum a wannan lokacin na ruɗewa, zai iya dukan wanda ya fi so a duniya, ya farka bai sani ba. Wannan kam kotu tana saurare. Sai dai ba da ni za ta yarda ba, likita take so, shi kuma likita yana son wanda ya ga farkon abin."

Goggo ta rasu, Baba ya rasu. Yaya ya ba ni shekaru da yawa, ni na taso ne na tarar da ciwon. Saura Inna.

Kotu ta ba da izini a duba shi. Aka sa masa wayoyi a kai, aka ce ba a ga wani abu ƙarara ba, kuma likita ya ce hakan na faruwa idan ba a kusa da faɗuwa aka yi gwajin ba. Ya ce a kawo mahaifiyarsa. Na ɗauko Inna a babur har bakin titi, muka hau mota. Tun a hanya nake ce mata, "Inna, duk abin da kika sani ki faɗa." Ta ce, "To." Likitan mutumin kirki ne, ba Bahaushe ba ne amma yana jin Hausa. Ya ce in jira a waje, don kada in sa mata magana a baki. Ba ta daɗe ba ta fito tana gyara mayafi.

Kwana kaɗan lauya ta kira ni a waya, muryarta a sama.

"Malam, ka san abin da tsohuwarku ta gaya wa likita? Ya ce mata ɗanki yana da ciwon faɗuwa, ta ce ita ba ta san masa komai ba, a tambayi masu shi. Ya ce ya taɓa rashin lafiya yana ƙarami, ta ce yara ai duk suna yi. Ya rubuta cewa uwa ba ta san shi da ciwo ba. Me kake so ya rubuta? Wace irin uwa ce wannan?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ɗan fari ne."

Ta sauke murya ta ce, "Innalillahi. Kakata haka take da babana. Na ɗauka abin ya tafi da su."

A waɗannan kwanaki ban iya cin abinci sosai ba. Ina ganin laifin Inna, sai in ji tsoron Allah a kan ganin laifin uwa. Ga kuma wata damuwa da ta fi ci na. Za a ba ni Alƙur'ani in dafa. Na san ciwon gaskiya ne, na kuma san maganar ƙofar masallaci gaskiya ce. To, a daidai lokacin da ƙarfen ya sauka, wanne ne ya ɗaga hannun? Idan akwai ɗan saura na hankali a cikinsa, ya ga fuskar wanda yake jin haushi fa? Na je duba maƙwabcin, na tarar da shi a zaure ana ba shi kunu da cokali. Da ƙyar maganarsa ke fita. Ya ce, "Kowa ya gudu. Ni na tsaya." Na ce masa sannu.

Lauya ta zo ƙauyenmu da kanta, wata ranar Asabar da hantsi, a bayan ɗan acaba, duk ƙura ta ɓata mata takalmi. Inna tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Lauya ta durƙusa ta gaishe ta, ta jawo tabarma, ta sa hannu a gyaɗar. Ni ina tsugune gefe, ina jira ta ambaci Yaya a rufe maganar. Ba ta ambace shi ba. Ni ta nuna da baki.

"Inna, wannan Malam naki haka yake tun yana yaro? Ko tari na yi sai ya firgita."

Inna ta yi dariya. "Wannan? Ai ko kaza ta yi masa kallo sai ya ba ta haƙuri."

"Da gani ya sha ciwo yana ƙarami."

"Kada ki so ki gani. Ƙyanda, tarin lala, shawara, babu wanda bai ɗauko mini ba. Da bakin nan nasa kamar na ɗan tsako."

Ta yi ta ba da labarina, har abin da ba na so baƙuwa ta ji. A kaina ba ta da kunya, ni ba na fari ba ne. Lauya tana dariya tana ɓara. Sai ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Sanƙarau fa? Shi ma ya yi?"

"A'a, wannan ba a haife shi ba ma lokacin. Na gabansa ne."

Hannun Inna ya tsaya a cikin ƙwarya. Lauya ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da ɓara. Ni ma na sunkuyar da kai.

"Na gaban wannan," in ji lauya a hankali. "Allah sarki. Da bazara ne?"

"Da bazara."

Inna ta juya ta fuskanci rumbu, ta ba mu baya. A haka ta yi maganar. Ta ce yaron bai daɗe da fara wayo ba, zazzaɓi ya kama shi, wuyansa ya sandare. Ranar Goggo ta tafi biki wani gari, maza duk suna kasuwa. Ta leƙa ta danga ta gan shi a kan tabarma idonsa ya juye. Ta ce, "Na goya shi, na rufa zane har kansa don kada a ga wa na goya." Da ƙafa ta kai shi Gwaram wurin masu allura. Ya tashi, amma da damina ta sauka ya yi faɗuwar farko a bakin rijiya. Ta faɗi yadda ya ciji harshe, da yadda ya taɓa ture Goggo cikin murhu bai sani ba, ya farka yana tambaya wa ya ƙona ta. Duk wannan daga bayan danga ta gani.

Da ta gama lauya ta ce, "Inna, wannan da kika faɗa wa rumbu, shi za ki faɗa wa likita, ki kuma faɗa wa alƙali. Ba zan sa ki kira suna ba."

"A gaban maza?"

"A gaban maza. In ba haka ba, na gaban wannan zai tsufa a ɗaure."

Inna ta ce in ɗebo wa baƙuwa ruwa. Amma da ranar komawa wurin likita ta zo, na fito na tarar da ita a zaure ta riga ni shiryawa.

A kotu ni aka fara kira. Na yi alwala sau biyu don ina shakkar ta farko. Tun kafin ranar na tambayi lauya yadda zan yi idan aka tambaye ni maganar ƙofar masallaci. Ta ce, "Ka faɗi gaskiya. Ban taɓa cewa ka yi ƙarya ba. Amma abin da aka tambaye ka kawai, kada ka ƙara da wa'azi." Mai gabatar da ƙara kuwa ya tambaya. Na ce e, na ji ya faɗa. Ya ce, "Za ka iya rantsuwa bai san wanda yake duka ba?" Na ce ba na wurin, kuma ba na cikin zuciyarsa. Na ga lauya ta runtse ido. Yaya yana tsaye a akwatin waɗanda ake tuhuma, ya rame, yana kallona kamar yau ya gama gane ni.

Aka kira Inna. Ta shigo ta ja mayafi har hanci. Mai gabatar da ƙara ya ce, "Inna, wancan da ke tsaye, mene ne tsakaninki da shi?"

Ta ƙara jan mayafi. Ya maimaita. Ta nuno ni da hannu ta ce, "Na gaban wancan ne."

Aka yi dariya a baya. Alƙali dattijo ne, ya buga tebur ya ce, "Kotu ta fahimta. A ci gaba."

Ta faɗi komai, tana kallon ƙasa, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta zo wurin faɗuwar bakin rijiya, Yaya ya daka tsawa.

"Ƙarya ne! Lafiyata ƙalau! Sun haɗa baki ne su mai da ni mahaukaci su cinye gonar!"

'Yan sanda suka riƙe shi. Inna ba ta waiwaya ba, ta jira aka yi shiru, ta ɗora daga inda ta tsaya. Likita ma ya zo ya yi nasa bayanin, ya ce da labarin uwar, da tabon harshen, da abin da waɗanda suka gani suka faɗa, duk sun dace da ruɗewar bayan farfaɗiya.

Alƙali ya yanke cewa Yaya bai san abin da yake yi ba a lokacin. Na ɗauka a ranar za mu tafi gida tare. Ba haka ba ne. Aka ce za a ajiye shi a asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa har sai hukuma ta gamsu. Ya kwashe fiye da shekara a can. Duk zuwan da na yi, sai ma'aikaci ya dawo ya ce, "Ya ce ba shi da ƙane." Da aka tashi sallamarsa, ni aka sa na tsaya masa, na yi alkawari zan tabbatar yana shan magani, kuma idan wani abu ya sake faruwa ni za a fara nema.

Yanzu yana gida. Gari duk ya sani. Da yamma idan maza suka fito da tuwo ƙofar gida ana ci tare, ba a kore mu ba, amma kwanonmu yakan dawo yadda ya fita, sai abin da na ci ni kaɗai. Likita ya ce yawu ba ya sa wa kowa ciwon, na faɗa musu, suka ce haka ne, Allah ya sawwaƙe, kuma ba wanda ya miƙo hannu. Inna ta daina zuwa biki, tun ranar da wata ta ce mata cikin raha, "Ashe dai ana son ɗan fari." Maƙwabcin yana nan, da sanda yake zuwa gona, 'ya'yansa ba sa amsa gaisuwata.

Kullum da safe ina kai wa Yaya ƙwayar da ruwa a kofi. Yakan karɓa ya dunƙule a hannu, ya ce, "Ajiye ruwan." Ba ya sha a gabana. Idan ya fita nakan shiga in duba ƙarƙashin tabarma da bakin taga, in fito ina jin kunyar kaina. Ban taɓa samun komai ba, amma ɗakin yana da ramukan ɓera.

Ya koma aikin amalanke, kuma hanyar gonarsa ta gefen gonar maƙwabcin ta bi, babu wata. Don haka idan ya ɗaure shanu ya fita, nakan ɗauki fartanya in bi bayansa daga nesa, kamar ni ma can na nufa. Rannan ya tsayar da shanun a tsakiyar hanya, ya jira har na iso.

"Su suka ce ka riƙa bi na?"

Na ce, "Babu wanda ya ce, Yaya."

"To wuce gaba, in riƙa ganinka."

Na wuce. Har muka kai gona ina jin ƙarar ƙafar amalanken a bayana, ban iya waiwayawa ba.